Me Kirista zai bari a bayansa, suna a bango ko mutane?

Ishaku, Kafanchan:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, ina roƙon iyayenmu da ke cikin wannan zaure su taimake ni. Ikkilisiyarmu na tara kuɗin sabuwar majami'a, kuma kwamitin gini ya kawo shawara cewa duk wanda ya ɗauki nauyin ginshiƙi ko ƙofa ko taga, za a rubuta sunansa a jiki. Wanda ya gabatar da shawarar ya ce gadon da Kirista zai bari ke nan, jikokinsa su zo su gani. Ni ban ƙi gini ba, kwanon tsohuwar majami'ar yoyo yake yi, kowa ya sani. Amma da na lissafa mutanen da suka sa na tsaya cikin bangaskiya har yau, babu ko ɗaya da sunansa ke jikin bango. To mene ne ainihin abin da ke wanzuwa bayan mutum ya tafi?

Mama Rifkatu, Billiri:
Ɗana Ishaku, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Matar da ta koya mini karatu ba ta taɓa hawa bagadi ba. Gwauruwa ce, tana sayar da daddawa a kasuwa. Lokacin da aka kawo ni gidan miji ban san ko baƙi ɗaya ba, kuma kunya ta hana ni zuwa ajin yaƙi da jahilci saboda yara na ciki. Ita ta lura. Sai ta riƙa zuwa bayan an ci tuwon dare, da fitilar ƙwai da Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya cire ta ɗinke da zaren buhu. Ta kama yatsana ta ɗora kan layi, daga Markus muka fara. In na yi kuskure ba ta gyara nan take, sai ta ce in sake dubawa, ta yi shiru tana jira. Warin daddawa na jikin zanenta, har yau in na ji warin nan ita nake tunawa.

Amma ba karatun ne ya fi kama ni ba. Akwai matar da ta yi mata ƙazafin sata a kasuwa, gari duk ya ji. Da matar nan ta kwanta ciwo 'yan'uwanta suka gudu, wannan gwauruwa ce ta riƙa wanke mata tsumma tana dama mata kunu har ta tashi. Ni na riƙe mata ƙwaryar kunun, da idona na gani. Tun daga ranar ban ƙara buƙatar a yi mini wa'azin gafara ba. Yau matan da na koya wa karatu a Zumuntar Mata, yadda ta koya mini haka nake koya musu, har shirun nan na jira.

Injiniya Dauda, Abuja:
Mama, Allah ya saka wa wannan baiwa tasa. Amma ina so mu yi adalci. A ina aka horar da masu bisharar da suka shiga ƙauyukanmu? A Gindiri, wadda aka buɗe a 1934, da Kagoro, da sauran makarantu irinsu. Gine-gine ne, wani ya ba da kuɗin tubali da kwano. Asibitin Vom gini ne, asibitin Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950 gini ne, kuma mutane nawa suka ji bishara a kan gadon asibiti? A Luka 7 dattawan Yahudawa sun yabi jarumin sojan nan domin ya gina musu majami'a, Yesu bai tsawata musu ba. Annabi Haggai ma faɗa ya yi wa mutane don sun gyara gidajensu sun bar Haikali kango. Wanda Allah ya ba baiwar bayarwa, kada mu sa ya ji kamar nasa aikin ba na ruhaniya ba ne.

Ishaku, Kafanchan:
Yallaɓai, ban raina mai bayarwa ba. Rubuta sunan ne damuwata. Matiyu 6 ya ce kada hagu ta san abin da dama ke yi.

Injiniya Dauda, Abuja:
Na ji, amma Nehemiya 3 fa? Sura guda cike da sunayen waɗanda suka gyara garu, wane ya gyara daga nan zuwa nan. Rubuta suna ba zunubi ba ne, zuciyar mai bayarwa ce abin dubawa.

Fasto Bitrus, Mubi:
Ku ba ni dama in yi magana a matsayin wanda ya ga abin da ke faruwa da gini. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, hedkwatar ikkilisiyarmu EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi ma aka mamaye ta, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Majami'un da iyayenmu suka yi shekaru suna tara baiko suna ginawa, wasu a yini ɗaya suka zama toka. Kujeru, kayan kiɗa, rajistar baftisma, duk suka tafi.

Abin da na gani a gudun hijira shi ne amsata ga Ishaku. A Yola, ranar Lahadi ta farko, babu fasto a inda wasu mutanenmu suka sauka, babu littafin waƙa ko ɗaya. Wata tsohuwa ta ɗaga waƙa da ka, sauran suka amsa, baiti bayan baiti ba wanda ya ɓace. Wani saurayi da ko takalmi bai tsira da shi ba ya tashi ya karanta Zabura 46 da ka, ya ce malamin makarantar Lahadi ne ya sa su haddace suna yara. Haka aka yi a sansanin Minawao a Kamaru, mutane suka tsara sujada da kansu. Abin da aka zuba cikin mutane shi ya ƙetare duwatsu tare da su.

Injiniya, ban ce a daina gini ba, mu ma mun koma mun sake ginawa. Amma ka tuna ikkilisiyarmu a gindin tsamiya ta fara a Garkida, ranar 17 ga Maris 1923, da 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser da 'yan mutanen da suka taru. Mutanen ne suka haifi ginin. Absalom ya kafa wa kansa al'amudi don a tuna da shi, ka duba 2 Sama'ila 18:18, ka kuma duba abin da ake tuna shi da shi.

Hannatu, Kaduna:
Ina ta karantawa ina danne zuciyata, amma zan yi magana, iyaye ku gafarce ni. Ni 'yar mai bishara ce. Irin mutumin da kuke yabo ɗin nan, shi ne babana. Ƙauye bayan ƙauye a kan keke, gidanmu kullum cike da 'ya'yan wasu da yake riƙo yana biya musu kuɗin makaranta daga ɗan abin da ake ba shi. Mu 'ya'yan cikinsa aka riƙa koro mu daga makaranta saboda kuɗin zango. Yayana bai gama sakandare ba. Da Baba ya rasu, majami'a ta cika maƙil, manyan mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna cewa shi ya mai da su mutane. Ba a daɗe ba aka ce Mama ta tashi daga gidan ikkilisiya, sabon ma'aikaci zai shigo. Ba mu da ko fili. A ɗakin haya ɗaya muka tara kayanmu, akwatin littattafan Baba muka mai da shi teburin cin abinci. Yayana tun daga lokacin bai ƙara taka ƙofar majami'a ba.

To ku gaya mini, wannan gado ne? Ya gina mutanen duniya, gidansa ya rushe. Misalai 13:22 ya ce mutumin kirki yakan bar wa jikokinsa gado, 1 Timoti 5:8 kuma ya yi magana mai zafi kan wanda bai kula da iyalinsa ba. Me ya sa ba a karanta waɗannan ayoyin a wurin jana'izar masu bishara?

Mama Rifkatu, Billiri:
Wayyo ɗiyata. Na ajiye wayar na yi kuka kafin in amsa miki. Ba ki yi laifi ba da kika faɗa. Yaya jikin Mamanku yanzu?

Hannatu, Kaduna:
Tana nan Mama, da sauƙi, ciwon ƙafa ne kawai. Tana wurina.

Baba Yohanna, Pankshin:
Ɗiyata Hannatu, ni tsoho ne, na zauna a majalisar dattawa, kuma na san irin zaman da ake yanke wa gwauruwar ma'aikaci ranar tashi. Abin da aka yi wa mahaifiyarki ba daidai ba ne, ko da kuwa doka ta ce gidan na ma'aikaci ne. Amma ina so ki raba abu biyu. Akwai na babanki, akwai na waɗanda ya yi wa hidima. Mutanen da suka tashi a jana'iza suka ce shi ya mai da su mutane, ina suke lokacin da ake fitar da kayanku? In da abin da ya koya musu ya shiga jikinsu, da ɗaya cikinsu ya ɗauki karatun yayanki. Dokas da ta mutu a Yafa, almajirai ne suka aika a kira Bitrus, da ya iso kuma gwauraye suka tsaya suna nuna masa rigunan da ta ɗinka suna kuka. Ba jawabi suka yi suka watse ba.

Na babanki kuma, ba zan yi masa shari'a ba, yana gaban Ubangijinsa. Amma mu da muka rage dole mu ji tsoro. An koya wa 'yan zamaninmu cewa mai aikin Allah in ya yi tanadi don 'ya'yansa, ƙarancin bangaskiya ne. Koyarwar nan ta ɓata gidaje da yawa. Sama'ila annabi ne da dukan Isra'ila suka shaida, amma 'ya'yansa suka karɓi rashawa har jama'a suka nemi sarki. Bulus da ya lissafa sharuɗɗan shugaban ikkilisiya, riƙon gida na ciki. Almajiran farko da Allah ya ba mutum su ne waɗanda ke cin tuwo a kwano ɗaya da shi.

Saratu, Gombe:
Baba, a nan ina da ɗan ja. Akwai iyayen da suka yi duk abin da ya kamata, addu'ar safe ba fashi, makaranta, tarbiyya, amma yaro ya tashi ya bi tasa hanya. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, ba kullum laifin ruwan ba ne. In muka ce gadon mutum ana auna shi da 'ya'yansa, za mu ƙara wa iyaye masu kuka dare da rana nauyi. Na san wata uwa a zumuntarmu da ta daina tashi ba da shaida saboda ɗanta na shaye-shaye.

Baba Yohanna, Pankshin:
Gaskiyarki Saratu. Ban ce a auna mutum da abin da ɗansa ya zaɓa ba. A tambaye shi dai ko ɗan ya same shi a gida lokacin da yake nemansa. Ki gaishe da wannan uwa, ki ce mata ta ci gaba da tashi.

Malam Haruna, Wusasa:
Maganar Hannatu ta sa na ga abin da zan faɗa da wani ido, amma bari in kawo shi. Mu a Wusasa tarihinmu duka misalin wannan muhawara ne. Likita Mila, Bature ɗan mishan, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kuma in adadin waɗanda suka tuba ta hannunsa za a duba, ba su da yawa. Abin da ya yi shi ne ya tara yara kaɗan a gidansa, suna ci tare, suna karatu tare. A 1913 zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda abin da ya koyar game da Annabi Isa, suka haɗu da Likita Mila. Daga baya mishan ya koma Wusasa a 1929. Ku duba abin da ya fito daga wannan ɗan ƙaramin gungu. Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya yi ministan harkokin waje, ya kuma koma yana duba marasa lafiya yana hidimar fasto har rasuwarsa a 2005. Janar Gowon a nan ya tashi, mahaifinsa ma'aikacin ikkilisiya ne.

Sai Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932. Sunan Mila ake kira, da su Dokta Stirrett na ƙungiyar mishan ta SIM wanda ake ce wa Bature Mai Magani, amma Hausawa ne suka zauna da su suna cewa ba haka muke faɗa ba, ga yadda muke faɗa. Gwauruwar da ta koya wa Mama Rifkatu karatu a Billiri, aikin waɗannan mutane ta riƙe a hannunta, ba ta san su ba, su ma ba su san za a haife ta ba. Cikin waɗanda suka fara aikin SIM, Walter Gowans ya mutu a Girku a 1894, Thomas Kent ya mutu a Bida a shekarar, ba su ga ko majami'a ɗaya ba. Bulus ya ce shi ya dasa, Afollos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma.

Issoufou, Maraɗi:
Ina gaishe ku daga Nijar. Mu nan Kirista kaɗan ne, saboda haka tambayar tana zo mana ta wata fuska. Akwai wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya zo yankin Maraɗi a farkon shekarun 1980. Dashen itace aka sa shi, itacen na ta mutuwa. A 1983 ya gane cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai a ƙasa, in aka bar tohon aka rage shi aka kula, icce zai tashi da kansa. Manoma sun ƙi da farko, sai lokacin yunwar 1984 aka fara gwadawa sosai. Yau sassabin zamani ake ce masa, manomi na koya wa manomi, gonakin da suka zama fili sun koma da itace. Mafi yawan waɗanda suka amfana Musulmi ne kuma suna nan a Musuluncinsu. Ni a wurina wannan gadon Kirista ne.

Emmanuel, Jos:
Yaya Issoufou, aiki ne mai kyau, amma ko wanda bai san Allah ba zai iya yin sa. In ba a kai mutum ga Almasihu ba, me ya rage na har abada? Umarnin da aka ba mu a Matiyu 28 almajirtarwa ne.

Issoufou, Maraɗi:
Ƙanena, ban musa Matiyu 28 ba. Amma Matiyu 5:16 ma Ubangiji ɗaya ne ya faɗe shi, a ga ayyukanku nagari a ɗaukaka Ubanku. Ka zo ka zauna a garin da ku gida uku ne Kirista, za ka ga cewa kafin a saurari bakinka an yi shekaru ana kallon mudunka da alkawarinka da yadda kake biyan bashi. Da mahaifina ya rasu, limamin unguwarmu ya zo gaisuwa ya ce a gaban jama'a bai taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Saboda wannan shaidar ne har yau in rigima ta taso a unguwa ake kiran ɗan gidanmu a zauna da shi. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ya dawo, bai janye warkarwar sauran ba.

Emmanuel, Jos:
Na karɓi wannan. Amma ina da wata damuwa da ta shafi mu matasa. Yanzu kowa na maganar tasiri, ana nufin yawan mabiya a Facebook da TikTok. Kuma akwai manyan da ke tara 'ya'yan ruhaniya, amma ba sa sakin kowa. Ka yi shekaru kana ɗaukar jakarsa, ba zai taɓa ba ka bagadi ba, in ka fara haske ya tura ka ƙauye. In ya mutu aikin ya watse ko a yi ta shari'a a kotu. Ta yaya za a gane mai gina mutane da mai tara mutane don kansa?

Fasto Bitrus, Mubi:
Emmanuel, ka duba 2 Timoti 2:2. Bulus ya ba Timoti, Timoti ya ba amintattu, su kuma su koya wa wasu. Zuriya huɗu a aya ɗaya. Ma'aunin shi ne ko wanda ka koya wa zai iya koyarwa ba tare da kai ba. Barnaba ne ya je Tarsus ya nemo Shawulu, wato Bulus, daga baya sunan Bulus ya riƙa zuwa gaba da nasa, bai yi fushi ba. Ya kuma riƙe Markus lokacin da Bulus ya ƙi shi, har Bulus da bakinsa ya dawo ya ce Markus na da amfani a gare shi.

A ƙasarmu ka ɗauki Byang Kato. An haife shi a Kwoi a 1936, wata 'yar mishan, Mary Haas, na cikin waɗanda suka fara jawo shi yana yaro. Ya zama babban sakataren ikkilisiyar ECWA, ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka, ya rasu a teku a Mombasa a Disamba 1975 yana da shekara 39. Makarantun tauhidin da ya yi ta kira a kafa, bai ga buɗe su ba, ta Bangui a 1977, ta Nairobi a 1983. Sun tashi ne domin ya riga ya zuba nufin cikin wasu, bai ƙulle shi a aljihunsa ba. Injiniya, ka ga a nan ni da kai mun haɗu, gini ya zo, amma ta hannun mutanen da aka gina.

Injiniya Dauda, Abuja:
Mun haɗu Fasto, ko da yake har yanzu ban ga aibin suna a jikin taga ba. Amma maganar Hannatu ce ta hana ni sukuni tun ɗazu. Ina cikin waɗanda wani mai bishara ya biya wa kuɗin jarrabawa, kuma matarsa na raye a ƙauye. Hannatu, in yayanki zai yarda, ina so in yi magana da shi, ba don in yi masa wa'azi ba. Wace sana'a yake yi?

Hannatu, Kaduna:
Walda yake yi, Yallaɓai, a shagon wani. Zan tambaye shi, amma ban yi alkawari ba, ba ya son jin komai da ya fito daga wajen mutanen ikkilisiya. Baba Yohanna, na gode da ka ce abin da aka yi wa Mama ba daidai ba ne. Na karanta mata, ta ce in tambaye ka ko a majalisarku an taɓa kawo maganar a saya wa ma'aikaci fili tun yana aiki, kafin ya tsufa.

Baba Yohanna, Pankshin:
An taɓa kawowa, aka ce babu kuɗi, a shekarar kuma aka sayi sababbin kayan kiɗa. Ki gaya mata zan sake tayar da ita a zama mai zuwa, kuma wannan karon a rubuce zan kai. Fasto Bitrus, in akwai tsarin da kuke bi a wajenku game da gwaurayen ma'aikata, turo mini in haɗa da shi.